Yashin Teku a Tsakar Gidanmu

Ba zan taɓa mantawa da safiyar ɗaurin auren babbar 'yata Salamatu ba. Ko na yi niyyar mantawa ma, mutanen Zangon Kumasi ba za su bar ni ba, domin har gobe in na shiga masallacin layinmu da sabuwar shadda, sai an samu wani dattijo ya kalli ƙafafuna ya yi murmushi. Gara in ba da labarin da bakina, tunda masu ba da shi a waje sun zuba masa gishiri har ya ƙi ciwuwa.

Ni direban babbar mota ne. Tun ina saurayi nake bin hanyar Kumasi zuwa Tema, in gangara da doya ko katako, in hauro da shinkafa ko siminti. Babu ramin da ban sani ba a wannan hanya, babu mai sayar da abincin da ba ta san yawan barkonon da nake so ba. Na faɗi wannan ne don kada ku ɗauka ni mutum ne da bai ga duniya ba. Na ga duniya. Abin da ban sani ba shi ne ƙasar da duniyar take zaune a kai.

Gidanmu gidan gado ne a tsohon Zango, ɗakuna a kewaye, fili a tsakiya, mu da 'yan haya. Kakanmu ya taɓa fara haƙa rijiya a tsakiyar filin, ya fasa, aka cike ramin da shara da ɓaraguzan gini aka shafe da siminti. Kowace damina wurin sai ya ƙara lotsawa. A shekarar da nake ba ku labari ya rufta gaba ɗaya, ya zama rami mai kai wa mutum cinya, sauran filin kuma duk ya farfashe. Muka ɗora wa ramin tsohon kwanon rufi muna zagaye shi, muka saba. Sai ga bikin Salamatu ya taso, a tsakiyar damina, kuma uban angon shi ne Alhaji Isiyaka na Krofrom, babban mai fataucin shanu. Na taɓa zuwa gidansa ta'aziyya. Tayil ne tun daga bakin ƙofa har wurin wanke-wanke, in ka sunkuya kana ganin fuskarka. Tun ranar da aka sa rana nake tunanin yadda mutumin nan zai shigo gidana da jama'arsa ya tarar da tsohon kwano a kwance a tsakar gida.

Sai kuma 'yata ta biyu, Rahinatu. Ranar da aka ce ta samu shiga jami'a a nan Kumasi na yi murna har na yanka zakara. Sai da aka cinye naman na tambayi abin da za ta karanta, ta ce ilimin ƙasa. Na ce wace ƙasar, Gana ko Nijar? Ta ce, “A'a Baba, ƙasar da ake takawa.” 'Ya'yan mutane suna karatun likita da lauya, tawa za ta je ta karanta abin da nake kakkaɓewa daga takalmina. A tasha in abokan aiki sun tambaya, sai in ce injiniya take karantawa, in yi sauri in canja magana.

Ana saura 'yan makonni biki na sauke katako a Tema, kayan da zan hauro da su kuma ba su fito ba, dole in koma da mota wayam. A hanyata ta gefen Ankara (tamu ta Gana, ba ta Turkawa ba) na bi ta bakin wani babban tafki mai haɗe da teku, wanda kwatocin birni ke zuba a cikinsa. Ana yasarsa, kamar dai yadda ake yasar rijiya, sai dai da injuna. Wani jirgi a tsakiyar ruwa yana zuƙo abin da ke kwance a ƙasan tafkin, yana turo shi ta wani ƙaton bututu, yana amayar da shi a gefe. Inda aka daɗe da zubawa ya bushe ya zama fili fari tas, shimfiɗe kamar an yi masa guga. Har wasu sun fara kafa 'yan shaguna a bakinsa. Na tsaya na sauko na ɗebi yashin a hannu. Laushi kamar garin tuwo. Nan take na hango tsakar gidana fara sol, Alhaji Isiyaka yana shigowa yana gyaɗa kai.

Mai tuƙa katafilar wurin ɗan arewa ne, yana jin Hausa. Ya ce, “Masa,” wato maigida a bakin mutanen Gana, “in kana so ɗiba. Mu ma neman inda za mu kai shi muke.” Ya loda mini daidai abin da sikelin hanya ba zai yi magana ba. Na lura katafilar tasa a kan wasu manyan faranta na ƙarfe take tsaye, ba a kan yashin ba. Na lura kuma na ƙasa da yake tonowa ba fari ba ne, toka-toka ne. Duk na gani. Ban tambaya ba (mutum in ya samu kyauta, tambaya nauyi take yi masa a baki).

Tun daga can har na wuce Nkawkaw motar tana ɗigar ruwa. A wani shinge ɗan sanda ya zagaya bayanta ya shaƙi iska, ya ce, “Direba, kifi ka ɗauko?” Na ce, “Yashin teku ne, ofisa. Bikin 'yata za a yi.” Ya daɗe yana kallona kafin ya ɗaga sanda.

Babbar mota ba ta shiga lungun Zango, don haka a bakin titi na tsaya, 'yan aboboya, baburan dakon nan masu ƙafa uku, suka yi ta jigila har ƙofar gida. Unguwa ta fito kallo. Duk wanda ya tambaya, kalma ɗaya nake ba shi, ina ɗaga haɓa: “Teku.” Wofa Kwaku, wani kafinta Ba'asante da ya daɗe yana haya a gidanmu har Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yan Zango, ya riƙe ƙugu ya ce, “Ei, Masa! Yashin Kumasi ya ƙare ne?” Na ce masa akwai yashi, akwai kuma yashi. Na janye kwanon nan, na cike ramin kakanmu taf, na baje sauran a duk filin har ya haura idon sawu. A kusurwar gidan akwai rariya, wato kafar da ruwa ke bi ta gindin bango ya faɗa kwatar waje. Na ga tana ɓata mini kwalliya, na binne ta ita ma.

Gaskiya ya yi kyau. Wannan ko maƙiyina ya shaida. Yaran gida suna birgima a kai, maƙwabta suna leƙowa suna ɗaukar hoto. Ni kuwa kujera na fitar na zauna ina karɓar yabo kamar wanda ya dawo daga Makka.

Ƙarshen mako Rahinatu ta dawo daga makaranta don taya uwarta shiri. Tana shigowa ta tsaya. Ta gaishe ni, ta ajiye jaka, ta tsuguna ta tura hannu cikin yashin har wuyan hannu. Ta ɗebo na ƙasa ta murza, ta shinshina, har ta ɗan taɓa a harshe.

“Baba, a ina ka samo wannan?”

“Teku.”

“Bakin teku inda igiyar ruwa ke wankewa, ko inda ake yasar tafki?”

“Duk ba teku ba ne?”

Sai ta ɗauko kwalbar roba, ta zuba yashin da ruwa, ta girgiza ta ajiye a kan dakali, ta shiga ciki ta ci abinci. Da ta fito ta miƙo mini kwalbar da hannu biyu. Yashi ya kwanta a ƙasa, a kansa wata baƙar laka mai kauri, ruwan saman kuma gurɓatacce.

Ta ce, “Ka ga, Baba, yashin gini tsabarsa manya ce, ruwa yana bi ta tsakani ya wuce. Wannan ya cika laushi, kuma a cakuɗe yake da lakar ƙasan tafki da gishiri. Lakar ita ke toshe wa ruwa hanya. Sama zai bushe ya yi fari, ƙasa kuwa yana riƙe da ruwansa. In ya jiƙe aka yi ta taka shi, narkewa zai yi ya zama kamar koko. Ga shi kuma an rufe rariya.”

Na ce, “Ni da idona na ga mutane sun kafa shaguna a kansa.”

“Ka koma bayan damina ka tambaye su, Baba.”

Wannan magana ta sosa ni, musamman da yake Wofa Kwaku yana gefe yana feƙe fensirinsa yana saurare. Na ce, “Rahinatu, ke karanta ƙasa kike yi, ni kuwa tuƙi nake a kanta tun ba a haife ki ba.”

Ta sunkuyar da kai. “Haka ne, Baba, Allah Ya ba ka haƙuri. Amma ko rariyar ce a buɗe.”

Uwarsu, Memuna, ta leƙo daga madafa da ludayi a hannu ta ce, “Maigida, ka saurari yarinyar nan mana.” Na ce ba wanda zai haƙa mini rami a cikin kwalliyata ana gab da biki. Maganar ta mutu a nan.

Jajibirin ɗaurin aure aka yi ruwa da la'asar, irin ruwan Kumasi mai zuwa kamar da fushi. Na leƙa ta taga na ga yashin ya shanye shi tas, ko kududdufi babu. Na kira Memuna na ce, “Ina 'yarki? Ta zo ta ga karatu.” Bayan ruwa ya ɗauke mata suka cika gidan, aka yi lalle, aka kunna kiɗa suka yi ta rawa a filin. Masu girki kuma duk ruwan wankin shinkafa da na nama a nan suke watsawa, tunda sun ga yana shanyewa. Washegari rana ta fito da ƙarfi. Na ɗauki manjagara da kaina na share sawun masu rawa, na daidaita ko'ina. Kafin hantsi saman ya bushe ya koma fari. Na ji dai ƙasar tana ɗan lumewa a ƙarƙashin ƙafata, na ce taushi ne, irin na katifa mai tsada.

Aka jera kujerun roba da benci. Alhaji Isiyaka kuwa kujerar falona na sa aka fitar masa, mai hannu, mai nauyi. Na shiga na sa sabuwar babbar riga ruwan sararin sama da wandonta. Zariyar da telan ya sa siririya ce, ni kuma sauri nake yi, na ɗaure ta sama-sama na fito.

Baƙi suka iso. Liman, dattawan unguwa, mutanen Krofrom cikin fararen kaya, abokan ango kowa da waya a hannu. Mata sun cika barandodi suna leƙe. Alhaji Isiyaka ya shigo cikin farar shadda mai ƙyalli, ya tsaya ya dubi filin, ya gyaɗa kai daidai yadda na hango a bakin tafki. Ya zauna ya ce, “Surukina, wannan farin yashi fa? Ban taɓa ganin irinsa a Kumasi ba.”

Da na ce “Alhamdulillahi” na nemi wuri na zauna, da yau ba ni da labari. Amma ina! Na taka zuwa tsakiyar fili, daidai kan ramin kakanmu, na gyara riga na fara lacca. Na ba su labarin jirgi da bututu. Na ce irin wannan yashi ne ake shimfiɗa wa manyan otal-otal na bakin teku (ban san inda na samo wannan ba). Na ce jiya an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ku duba, ko ɗigo. Sannan na ce, “Ga ƙarfi kuma, ku gani.” Na ɗaga ƙafa na buga.

Ƙasar ta yi rawa. Ba wai a ƙarƙashina kawai ba, filin ne ya kaɗa kamar tumbin mai ƙiba in yana dariya. Mai hankali da ya tsaya. Ni na ɗauka idona ne, na sake bugawa da ƙarfi, na ƙara. Sai na ji ƙafar ta wuce. Na kai ɗayar don in ciro ta, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Wani baƙin ruwa ya yi tsartuwa daga gefen ƙafata ya sauka a gaban farar shaddar Alhaji Isiyaka.

Sai wari. Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba, sai dai ku tuna ruɓaɓɓen ƙwai a cikin ɗakin da aka rufe. Da farko ba wanda ya gane daga ƙasa yake fitowa. Liman ya ja gefen rawaninsa ya rufe hanci a hankali. Wani tsoho ya ce “A'uzu billahi,” yana hararar na kusa da shi, shi kuma ya ce, “Wallahi ba ni ba ne.” Mutane suka fara miƙewa, miƙewar tasu ta ƙara kaɗa ƙasar, ƙafafun kujeru suka fara nutsewa. Kujerar falona da ke ɗauke da Alhaji ta fara komawa baya sannu-sannu, har ya zama sama yake kallo, carbinsa a hannu. Ya ce, cikin natsuwa, “Surukina, ni ne nake tafiya ko gidan ne?”

Ni kuwa lokacin na kai gwiwa, ina neman cinya. Duk motsin da na yi ƙara shiga nake. Abin da ya zo mini a rai shi ne sabuwar rigata, na tattare ta na naɗe ta har kafaɗa don kada laka ta taɓa ta. Wasu ƙarti biyu daga abokan ango suka hau benci, suka kama ni ta hammata. Ɗaya ya ce, “Baba, saki jikinka.” Suka ja, laka ta ja. Suka yi bisimilla suka sake ja da ƙarfinsu duka. Na ji zariya ta ce tas. Na fito fit kamar an zare rogo. Wando da takalma suka zauna a ciki.

Ga ni tsaye a kan benci, riga a naɗe a wuya, a gaban liman da surukai da matan barandodi. Abin da ya rage a jikina daga ƙugu zuwa ƙasa shi ne wani gajeren wando da Memuna ta ɗinka mini da ragowar atamfa, mai zanen manya-manyan abarba. Wata tsohuwa da ta fara guɗa tana zaton an ɗaura aure, guɗar ta maƙale mata a wuya. Gidan ya yi tsit. Hannuwana suka manta yadda ake sakin riga. Abin da nake ji kawai shi ne ƙarar ramin yana ɓul-ɓul yana haɗiye wandona.

Cikin wannan shirun Rahinatu ta fito, cikin ankonta da ɗaurin kanta. Ba gudu take ba. Ta bi ta gefen bango, ta hau benci, ta miƙo mini zane ba tare da ta kalli fuskata ba. “Baba, riƙe.” Sannan ta juya ga jama'a, da wata murya da ban taɓa sanin tana da ita ba.

“Iyayena, don Allah kowa ya tsaya inda yake. Kada a yi gudu, kada a buga ƙafa. Tsakiya ce kawai mai zurfi, gefe ba abin da zai same ku. Wofa, a taimake mu da katako.”

Wofa Kwaku ya ce “Yoo!” ya shiga ɗakinsa ya yi ta fito da falankai. Ta nuna inda za a shimfiɗa kowanne, daga bakin baranda har ƙofar gida. Ta sa samari suka ɗago kujerar Alhaji ta baya, shi da ita. Ta ce liman ya fara wucewa, sai dattawa, ɗaya bayan ɗaya. Manyan mutane masu furfura suka bi layi a kan katako kamar 'yan makaranta, ba mai musu. Da suka fita ta cire ɗaurin kai ta ɗaure ƙugu da shi, ta ɗauki shebur ta nufi kusurwar da na binne rariya. Ta tona ta, ta ja wata 'yar hanya daga tsakiyar fili zuwa can. Baƙin ruwa ya kama kwarara waje kamar an buɗe famfo. Ta aika aka kwaso buhunan garin katako aka zuba a hanyar da mata za su bi, masu girki kuma ta ce su koma watsa ruwansu a kwatar waje.

A masallacin layinmu aka ɗaura auren. Na je cikin tsohuwar rigar Juma'ata, na zauna a can ƙurya kaina a ƙasa, ina lissafin yadda labarin zai isa Krofrom kafin azahar. Abin da ya fi ci mini rai Salamatu ce. Na san tana ɗaki tana kuka, kuma na san gidan da za ta shiga za a daɗe ana yi mata kallon 'yar mai abarba. Ana shafa fatiha na yi niyyar sulalewa, sai aka ce Alhaji Isiyaka yana nemana.

Na same shi a ƙofar masallaci, baƙin tabo a gaban shaddarsa. Na fara ba da haƙuri, ya ɗaga hannu. “Bar wannan. Yarinyar nan mai shebur, 'yar wace ce?”

“Tawa ce, Alhaji. Ƙanwar amarya.”

“Me take karantawa?”

Na buɗe baki, tsohuwar amsata ta tasha tana kan harshe. Na haɗiye ta. Na ce, “Ƙasa, Alhaji. Ilimin ƙasa take karantawa, a jami'a.”

Ya sa aka kira ta. Ta zo ta durƙusa ta gaishe shi, laka har gwiwar hannunta. Ashe Alhajin yana da ƙane a wani sabon zango da ke gefen teku, wanda aka kafa a kan irin wannan cikon. Ya ce gidan ƙanen nasa kullum daɓensa a jiƙe, fenti yana ɓarewa, bango yana fitar da wani farin gari, in an yi ruwa masai ya taso, matan gidan sun shuka albasa da alayyafo duk sun ƙone. Har an fara cewa asiri aka yi wa gidan, an yi sauka, an yi yanka. Rahinatu ta ce, “Alhaji, addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza, amma wannan ba asiri ba ne. Ruwa ne a kusa da sama, ba shi da hanyar fita, gishiri kuma yake hawa bango.” Ta yi masa bayanin yadda ake jan kwata mai gangara, da ɗaga daɓe, da yadda mata za su yi kunya mai tudu da ƙasar da aka kawo daga wani wuri in suna son shuka. Dattawan Krofrom suka kewaye ta suna jefa tambaya. Wani ya ce, yana dariya, “To ke da kika san duk wannan, yaya kika bar tsohonki ya shiga rami?”

Ta ce, “Babana abin da malamanmu ke nuna mana a hoto ya ɗauko mini har gida. Duk ajinmu ba wanda aka yi wa haka.”

Aka yi dariya, amma ba irin wadda nake tsoro ba. Alhaji Isiyaka ya kama hannuna ya ce, “Surukina, gidan da ya fitar da wannan yarinya, ba mu yi kuskuren neman aure a cikinsa ba. Shadda kuwa a wanke ta.” Na juya kamar ina gyara hula, domin idona ya kawo ruwa, kuma na riga na nuna wa jama'a abin da ya isa a rana ɗaya.

Fitar da yashin ya fi shigo da shi wuya, kuma wannan karon ba wanda ya zo ɗaukar hoto. Ni da baro da Wofa Kwaku muka yi ta fama bayan biki, yana turawa yana waƙa da Turancinsa da Asantancinsa, ina jin kalmar abarba a ciki ina yin kamar ban ji ba. Wandon mun same shi a can ƙasa, ya rine. Takalmi ɗaya har yau bai fito ba. Rahinatu ta ɗebi buhu guda ta kai makaranta, sannan ta tsaya a kan magina aka cike ramin da tsakuwa da jar ƙasa, aka daddaɓe, aka yi wa filin gangara zuwa rariya. Tun daga lokacin ruwa bai sake kwana a gidanmu ba.

Aikinta na kammala karatu a zangon ƙanen Alhaji ta yi shi, yanzu kuma can bakin teku take aiki, a kan irin waɗannan filaye da aka cike da abin da aka yaso. Ni na kai ta da kayanta a motata. Na tsaya a gefe ina kallo tana tafe da dogon takalmin roba da wani ƙarfen haƙa a kafaɗa, magina da matan unguwa suna biye da ita, wannan ya ce a zo a duba masa gindin bango, waccan ta ce a zo a ga kunyar albasarta da ta yi kore. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ce, “Ka san Madam ɗin nan? Ita ta raba mu da kwana a kan tebur in an yi ruwa.” Na ce, “Na ɗan san ta. Ni na haife ta.” Na faɗa da ƙarfi yadda na bayansa ma za su ji.

Salamatu tana ɗakinta lafiya, yanzu ita ke fara ba da labarin in an taru. Bidiyon da abokan ango suka ɗauka ranar kuwa yana nan a wayoyin mutane, an ce har dangi na Yamai sun gani. A tasha sunana ya koma Baba Abarba, kuma ina amsawa, domin na gane in ka ƙi amsawa sun fi jin daɗi.

Abin da na koya ba shi da yawa. In yaron da ka kai makaranta da guminka ya ce maka tsaya, to ka tsaya, ko da kafinta yana saurare. In kuwa ka san halinka irin nawa ne, ba kullum za ka iya ba, to ka ɗaure zariyarka tamau kafin ka fita gaban surukai, abin da za ka sa a ciki kuma ka zaɓe shi kamar za a gani.